Yadda malami zai koyi aiki da waya da kwamfuta a aji, ko da babu wuta babu majigi

Shekarata 17 ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandaren gwamnati da ke bayan birnin Kano. A cikin shekarun nan na halarci bita kan fasahar zamani har sau uku, kowacce ta kwana biyu ko uku. A tara mu a babban ɗaki, a kunna majigi, wani matashi ya nuna mana yadda ake shirya darasi a PowerPoint, a raba takardar shaida da kuɗin mota, kowa ya kama gabansa. Ranar Litinin in koma ajina mai yara 84, bango babu soket, sai allo da alli. Ban ga laifin masu bitar ba, abin da aka ɗora musu suka yi. Amma abin da ya sauya aikina na same shi ne daga wani darasi da ya daɗe yana kayar min da yara, da kuma wayar da ke aljihuna. Hanyar da na bi ita zan shimfiɗa a nan, domin ɗan'uwa malami ko 'yar'uwa malama da ke son farawa su san ta inda za su kama.

Kada ka fara da tambayar wace manhaja ce ta fi kyau. Ka fara da takardun jarrabawar zangon da ya wuce, waɗanda ka riga ka yi wa maki. Zaro 30 daga ciki ba tare da zaɓe ba. Buɗe manhajar jera bayanai a teburi, irin su Google Sheets ko WPS Office, a wayarka, ka jera lambobin tambayoyi a sama, yara kuma a gefe. Wanda ya ci tambaya ka sa masa 1, wanda ya faɗi ka sa 0. Idan ka gama, ka taɓa kan kowane layi, jimlarsa za ta fito. Aikin awa ɗaya ne bayan isha'i, kuma da shi ka jefi tsuntsu biyu: ka koyi shigar da maki a waya, ka kuma ga da idonka inda yara suke tuntuɓe. Da na yi nawa, tambayar da ta shafi haɗa ƙwayayen fitila da batir ce ta fito ƙarara. Yara 6 ne kacal cikin 30 suka bambance haɗin jere, inda wuta ke bin hanya ɗaya ta ratsa kowane ƙwai, da haɗin rassa, inda kowane ƙwai ke da tasa hanyar. Shekara da shekaru ina zana wannan abu a allo, yara suna kwafa da kyau har da rula, ashe zanen kawai suke ɗauka.

Da ka gano darasinka, sai ka nemi kayan aiki guda ɗaya tak da zai taimake ka a kansa. Guda ɗaya na ce. Na ga malamai da yawa sun cika waya da manhajoji goma sha, ba su iya ko ɗaya ba, daga baya su ce abin ba na irinmu ba ne.

Ni abin da na samu shi ne PhET. Jami'ar Colorado da ke Amurka ce take yin sa, wani masanin fiziya mai suna Carl Wieman, wanda ya taɓa cin kyautar Nobel, shi ya assasa shi a 2002, kuma kyauta ne a shafinsu. Ƙananan gwaje-gwaje ne na kimiyya da lissafi da mutum zai taɓa da yatsa ya ga abin da zai faru. Wanda na ɗauka sunansa Circuit Construction Kit. Idan ka shiga shafin ka nemo shi, akwai alamar saukewa. Ka danna, fayil ɗin ya sauka cikin wayarka, daga nan yana buɗewa ko babu data. Wannan shi ne sharaɗina ga duk abin da zan kai aji: idan sai da intanet yake aiki, ba na dogara da shi, domin a ajinmu sabis sai ka fita bakin taga.

Kafin ka kai shi gaban yara, ka yi dare uku kana wasa da shi kai kaɗai. Ka haɗa, ka kwance, ka yi kuskure da gangan ka ga yadda zai nuna. Allon waya ƙarami ne, jan wayoyin wutar da yatsa yana son sabo. Sannan kwana ɗaya kafin darasin, ka shiga ajin bayan an tashi, ka kashe data, ka buɗe shi a daidai teburin da za ka tsaya. A nan za ka gane ko hasken taga yana kashe allon, ko sai ka juya teburin.

Ga yadda ranar ta kasance. Na zaɓi ranar da nake da darasi biyu a haɗe, minti 80. Na ari waya ta biyu a wajen wani abokin aiki, na tura masa fayil ɗin tun da safe. Na kasa yara rukuni 12, mutum bakwai bakwai. Kafin kowa ya taɓa waya, na zana haɗi biyu a allo na yi tambaya ɗaya: idan aka cire ƙwai ɗaya a kowanne, me zai sami sauran? Kowane rukuni ya yi shawara ya rubuta amsarsa da dalili. Wannan matakin kada ka tsallake shi. Yaron da bai yi hasashe ba kallo kawai zai yi, kamar yana gidan kallo, amma wanda ya riga ya rubuta amsa yana zuwa ne ya ga ko ya ci. Daga nan rukuni biyu suna zuwa teburi, minti biyar biyar, sauran suna zana haɗin gidansu a littafi, monita yana riƙe da agogo.

A allon wayar ana ganin 'yan ɗigo masu shuɗi suna tafiya cikin wayar wuta. Da aka zare ƙwai ɗaya a haɗin jere, ɗigon suka tsaya cak, fitilu duka suka mutu. Aka zare a haɗin rassa, ɗayan ya ci gaba da haske abinsa. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta ce, "Malam, to shi ya sa idan ƙwan ɗakin Umma ya mutu, na tsakar gida ba ya mutuwa?" Na ce ta juya ta maimaita wa aji da ƙarfi. Can kuma wani yaro ya ja wayar wuta daga kan batir zuwa gindinsa kai tsaye, babu ƙwai a tsakani, sai ga hoton wuta ta kama batirin. Rukunin ya ɗauki salati. Ban shirya wannan ba, amma na dakatar da kowa muka yi minti biyar a kan dalilin da ya sa haɗuwar wayoyin wuta biyu da robarsu ta saɓule ke tayar da gobara a shago ko a gida. A mako na gaba na kawo batiran tocila da ƙananan ƙwayaye da guntayen wayar wuta, suka haɗa da hannunsu. Abin da ke waya share fage ne. Idan akwai halin taɓa na gaske, a taɓa.

Tunda wayarka za ta shiga hannun yara, akwai tanadin da ya wajaba. Sa ta a yanayin jirgi, don kada saƙon iyali ko kira ya faɗo a gabansu. Yawancin wayoyin Android suna da wani tsari a sashen tsaro da ke kafe manhaja ɗaya a allo, ta yadda ba za a fita daga cikinta ba sai da lambarka. Ka nemo shi ka kunna. Ka yi caji ya cika tun dare, ko a gida ko a wajen mai caji, kuma idan da hali ka mallaki fawa banki. Bayan shi, abin da na fi ba da shawarar saye shi ne 'yar ƙaramar lasifika mai Bluetooth, irin wadda ake samu a Farm Centre ko titin Beirut. Hoto a waya mutum bakwai yake isa, amma sauti yana isar aji duka. Malaman Turanci da na Larabci da na Hausa su suka fi kowa cin moriyarta.

Kuma ka sanar da shugaban makaranta tun kafin ranar. Makarantu da yawa sun hana yara zuwa da waya, ba daidai ba ne ya leƙo ya ga waya a hannun ɗalibi bai san da maganar ba.

Idan darasi ɗaya ya yi kyau, za ka ji sha'awar ƙari, a nan ne ake buƙatar rumbu. Sayi memori, ka buɗe jaka ga kowane aji, a ciki kuma jaka ga kowane mako yadda tsarin aikin zango ya zo. Duk abin da ka sauke ka sauya masa suna nan take, ka sa aji da mako da darasi. Na taɓa ɓata minti goma a gaban yara ina neman bidiyon zagayawar jini cikin ɗaruruwan fayiloli masu sunan lambobi, tun ranar ban sake barin fayil babu suna ba. Ka riƙa saukewa da dare, lokacin da kamfanonin waya ke sayar da data mai rahusa, kuma bidiyo a 360p ya wadatar da allon waya.

Wuraren da nake ɗebowa ba su da yawa. Akwai Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a watan Maris na 2022 tare da UNICEF da Microsoft. Darussan firamare da sakandare ne bisa manhajar karatun ƙasar nan, kuma akwai na Hausa a ciki. Akwai Kiwix, mai ba ka damar ajiye Wikipedia a waya ka karanta babu intanet. Akwai Kolibri, wanda aka yi musamman don makarantun da ba su da intanet: a sa shi a kwamfuta ɗaya, sauran na'urori su jona da ita su ɗauki darasi. Malamin lissafi ya nemi GeoGebra, manhajar zana siffofin lissafi. Wanda zai koyar da yadda wata ke girma da raguwa ya gwada Stellarium, manhajar da ke nuna sararin samaniya, ya matsa kwanaki gaba yara su ga jinjirin wata yana cika, musamman idan azumi ya gabato kowa na maganar ganin wata. Amma kome ka sauke, ka kalle shi daga farko har ƙarshe kafin ka nuna. Wani bidiyon Turancinsa ya yi wa yaranmu sauri, sai ka kashe sautin ka yi bayani da bakinka. Wani kuma akwai shigar da ba ta dace da ajinmu ba a tsakiyarsa.

Masu rubuta Hausa su shiga saitin Gboard, wato madannan rubutu na waya, su ƙara harshen Hausa, za su sami ƙ da ɗ da ɓ. Malamin da ke buga wa yara tambayoyi bai kamata ya bar su suna lalube tsakanin kasa da ƙasa ba.

Abin da ya fi kowanne riƙe ni a kan hanyar nan shi ne abokan tafiya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu biyar ne a makarantarmu, muna zama duk Laraba idan an fita tara, a ƙarƙashin darbejiyar da ke bayan ofishin malamai. Dokarmu ɗaya ce: mutum ɗaya zai nuna abu ɗaya da ya riga ya gwada a aji, ya faɗi inda ya yi daɗi da inda ya ƙi, sannan kowa ya yi da hannunsa a tasa wayar kafin a koma. Ba a karɓar wayar mutum a yi masa. Fayiloli kuma muna tura wa juna ta Xender, ba mai ƙona data sau biyu a kan abu ɗaya.

A cikinmu akwai malamin Hausa da muke kira Baba, saura masa 'yan shekaru ya ajiye aiki. Farkon zuwansa zama kawai yake yi yana jan carbi. Wata Laraba ya miƙo min wayarsa ya ce, "Malam, ni abin da nake so shi ne yaran nan su ji yadda ake rera waƙa da karinta. In na rera a aji huɗu, kafin na ƙarshe murya ta dushe." Na ce, "Baba, ku riƙe wayar da kanku. Ku danna wannan jan ɗigon, ku rera, in kun gama ku sake dannawa." Ya gyara zaman gilashinsa, yatsansa na ɗan rawa, ya danna ya rera baiti biyu. Da muka jona da lasifika muryarsa ta fito tas, ya yi shiru yana saurare, sannan ya ce a sake, akwai inda ya ja wasali fiye da kima. Sau huɗu ya maimaita kafin ya gamsu. Yau Baba yana da jaka cike da karatun waƙoƙi da tatsuniyoyi da muryarsa, kuma shi yake koya wa sababbin malamai yadda ake yi. Gemu ba ya hana ilimi, amma na lura babba ba ya son a koya masa a gaban taro, kuma ba ya son a fara masa da abin da bai nema ba. A tambaye shi me ke ba shi wahala a aji, a fara daga nan.

Daga wajen Baba na ɗauki wata dabara da ta fi min kowace bita. Na ajiye waya a kan teburi na naɗi muryata ina koyarwa na minti 15, da sanin shugaban makaranta, na saurara a gida. Na ji ina yin tambaya, kafin yaro ya buɗe baki na amsa da kaina. Na ji sunayen da nake kira ba su wuce biyar ba, duk 'yan layin gaba. Babu mai duba makarantu da ya taɓa gaya min wannan. Ka gwada sau ɗaya a wata, murya kawai, ka zaɓi abu ɗaya da za ka gyara kafin naɗi na gaba. Ni na fara da ƙirga biyar a zuci bayan kowace tambaya.

Sai maganar kwamfuta. Makarantu da dama suna da ɗakin kwamfuta a kulle, an lulluɓe na'urorin da ƙyalle, ana tsoron kada su lalace a tuhumi wani. Ƙura da rashin kunnawa ma suna lalata su. Ka je wajen shugaba da takarda a rubuce: rana kaza, awa kaza, yara kaza, ni ne mai alhaki, ga yadda za a sami man janareto ko cajin sola. Idan kwamitin iyaye da al'umma na makarantar yana aiki, a sa shi a maganar. Hujjarka mai ƙarfi ce. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, WAEC ma ta fara gwada hakan a 2024 da masu zana jarrabawa daga waje, kuma mu kanmu malamai jarrabawar TRCN, hukumar yi wa malamai rajista, a kwamfuta ake yin ta. Wani tsohon ɗalibina mai ƙoƙari ya gaya min ranar JAMB ce ranar farko da ya ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta, kibiyar tana gudu ya kasa tsayar da ita, gumi na zuba lokaci na tafiya. Abin ya tsaya min a rai. Ko kwamfuta uku ce ke tashi, a jera yara su koyi riƙe linzami, su buga sunansu, su san inda A da B da C da D suke, da N ta zuwa tambaya ta gaba da P ta komawa baya. Kai ma malam, idan hannunka bai saba ba, ka riƙa shiga rabin awa bayan an tashi kana buga tambayoyin gwajinka da kanka maimakon kai wa mai shago.

WhatsApp yana da amfani, amma da iyaka. Lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, rediyo ne ya fi kai darasi gidajen talakawa, domin shi aka fi samu a gidaje. Ban manta da wannan ba. Duk aikin gida da zan bayar, sai na tabbata yaron da babu babbar waya a gidansu zai iya yin sa daga allo. Abin da nake turawa ƙari ne kawai, kuma zauren na iyaye ne, ba na yara ba. Saƙon murya na minti biyu da Hausa, wanda bai kai megabait ɗaya ba, ya fi dogon rubutu isa ga uwar da ba ta yi boko ba. Kada malami ya riƙa tura wa ɗaliba ko ɗalibi saƙo shi kaɗai, ko da niyyarsa fara ce tas. Kada a sa hoton yara ko makinsu a Facebook ko a zaure babu yardar iyaye. Amana ce tun kafin a yi doka, yanzu kuma ga dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT ina amfani da su wajen tsara tambayoyin gwaji da neman misalai, amma ba na kai kome aji sai na gwada shi da littafin karatu. Na sha kama amsar da ba daidai ba an rubuto ta da cikakken ƙarfin hali, Hausarsu kuma sau da yawa sai an yi mata wanka.

Game da takardun shaida, suna da ranarsu wajen ƙarin girma da sabunta lasisi, don haka kada ka raina bitar da hukuma ta kira, ko kwasa-kwasan Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda ke wannan aiki tun 1976. Google da Microsoft ma suna da darussan malamai na kyauta a intanet. Ka dai yi hattara da masu tallan takardar shaida a zaurukan WhatsApp, waɗanda za ka biya kuɗi a turo maka hoto ba ka koyi kome ba. Tare da takardun, ka ware littafi ɗan 40 lif. Duk ranar da ka gwada wani abu, ka rubuta layi huɗu: darasin, abin da ka yi amfani da shi, abin da ya faru, abin da za ka sauya. A ƙarshen zango ka sake zaro takardu 30 ka cika teburin nan na 1 da 0. A nawa, tambayar ƙwayayen fitila ta tashi daga 6 zuwa 19. Layin da ya koma ƙasa yanzu shi ne na narkewar abinci a ciki, kuma shi na rubuta zan kai ƙarƙashin darbejiya Laraba mai zuwa, ko wani cikin mutum huɗun yana da abin da ya gwada a kai.